In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira: Daga Kunnen Kwaɗo Zuwa Kagoma

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna ajin Tsarin Sauti ya san zanen nan na kan mutum da aka tsaga biyu, wanda ake nuna leɓɓa da haƙora da hanƙa da ganɗa da hanɗa da beli da maƙwallato a cikinsa. Mun haddace shi, mun zana shi a jarrabawa, mun san inda ake furta kowane baƙi da yadda harshe ke tashi ko sauka wajen furta kowane wasali. Amma da wuya ka ga an zana kunne a allon wannan aji, alhali kuwa magana aikin mutum biyu ce, mai faɗa da mai ji. Yaro ba ya koyon harshe da baki sai ya fara koyon sa da kunne, shi ya sa ma Bahaushe in zai tambaye ka ko ka iya harshensa sai ya ce, kana jin Hausa?

Ra'ayin da nake son gabatarwa a wannan rubutu shi ne, ilimin da masana kimiyya suka tara game da cikin kunne a shekaru hamsin da suka wuce ya isa ya ceci jin yara masu yawa a ƙauyukanmu, abin da ya rage kawai a faɗe shi da harshen da iyaye ke ji. Wannan kuwa aikinmu ne, mu ɗaliban harshe. Zan kafa hujja da rayuwar wani masani da ya ƙarar da shekarunsa yana binciken kunne, sa'annan in ɗauki ƙasar Kagoma ta kudancin jihar Kaduna a matsayin misalin inda ake buƙatar abin da ya gano.

Mutumin da ya tsufa a kan kunnen kwaɗo

An haifi Albert James Hudspeth a birnin Houston na jihar Tekzas ta Amurka a shekarar 1945. Ya yi karatu a Jami'ar Harvard, inda ya sami digirin digirgir a 1973, da na likita a 1974. Da ya so da ya kama aikin asibiti ya tara abin duniya, amma sai ya nufi ɗakin bincike a Cibiyar Fasaha ta Kalifoniya a 1975, ɗauke da tambaya guda ɗaya wadda bai rabu da ita ba har ƙarshen ransa: ta yaya sauti, wanda girgizar iska ce kawai, yake zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta?

Domin mai karatu ya gane nauyin tambayar, bari mu bi sauti daga waje zuwa ciki. Sauti yana shiga ramin kunne ya bugi wata siririyar fata da muke kira dodon kunne. Girgizar fatar nan tana bi ta wasu 'yan ƙasusuwa uku, waɗanda aka raɗa wa suna saboda kamanninsu, wato guduma da maƙera da likkafa. Likkafar nan ita ce ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam. Daga nan girgizar ta faɗa wani ɗan bututu mai cike da ruwa, wanda ya nannaɗe kamar katantanwa, girmansa bai wuce ƙwayar wake ba, amma da za a warware shi tsawonsa zai kai kimanin milimita 35. A cikin wannan katantanwar kunne akwai wasu ƙwayoyin halitta kimanin 16,000, kowace ɗaya tana da tsirin 'yan siraran gasu a kanta, an jera su gajere na bin dogo kamar matakala. Waɗannan ƙwayoyi masu gashi su ne ainihin masu ji. In ka tuna cewa ido ɗaya yana da ƙwayoyin karɓar haske fiye da miliyan 100, za ka ga jarin kunne bai taka kara ya karya ba.

Katantanwar mutum tana binne cikin ƙashi mai tsananin tauri, ba ta taɓuwa sai an lalata ta. Saboda haka Hudspeth ya koma ga wani babban kwaɗo irin burduddugi, wanda ƙwayoyin cikin kunnensa suke da sauƙin cirowa da rai. A 1977, shi da ɗalibinsa David Corey suka sa wani siririn tsinken gilashi suka tura tsirin gashin ƙwaya ɗaya, suna auna lantarkin da ke cikinta. Sai suka ga in an tura tsirin zuwa wajen dogon gashi lantarkin yana tashi, in an tura shi baya yana sauka. Ƙwayar kan amsa cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin 10,000 na daƙiƙa ba. Wannan sauri ya nuna musu cewa lallai akwai wata 'yar ƙofa da motsin gashin ke finciko ta kai tsaye, kamar yadda ake ja ƙyaure da igiya, in ta buɗe sinadarai masu ɗauke da lantarki su kwarara ciki, jijiya ta kai labari ƙwaƙwalwa. A 1983 suka ce dole ne akwai irin wannan igiya ko da ba a gan ta ba. A 1984 James Pickles da abokan aikinsa a Ingila suka gan ta da na'urar hangen ƙananan abubuwa, tana haɗa kan kowane gashi da gefen wanda ya fi shi tsawo. Ita kuwa ƙofar kanta, sai a 2018 aka sami hujja mai ƙarfi a kan sinadarin da aka gina ta da shi, wato shekara 41 bayan gwajin farko.

Hudspeth ya koma Jami'ar Rockefeller ta birnin Niyok a 1995. A can ya nuna cewa tsirin gashin nan yana da nasa ƙarfin, yakan motsa da kansa domin ya ƙara wa raunanan sautuka ƙarfi. Sautin da ya fi kowane rauni wanda kunne ke iya kamawa yana motsa tsirin ne da abin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na milimita ba. A 2018 aka ba shi lambar yabo ta Kavli tare da Robert Fettiplace da Christine Petit ta ƙasar Faransa. Ya rasu a watan Agusta na 2025, jim kaɗan bayan shi da ɗalibansa sun yi nasarar ciro wani yanki na katantanwar kunnen wani ɗan ɓera, suka raya shi a waje yana aikinsa suna kallo.

Abubuwa uku da binciken ya bar mana

Mai karatu zai ce, to, ina amfanin wannan ga talaka? Akwai abubuwa uku da suka fito daga aikin Hudspeth da takwarorinsa, waɗanda kowace uwa za ta gane in an faɗa mata da harshenta.

Na farko, abin da yake iya jin motsi ƙanƙane haka, ba ya jure duka. Ƙara mai tsanani takan tsinke igiyoyin nan, ta karya gasun, in ta daɗe ta kashe ƙwayar ɗungurungum. Masana lafiyar ma'aikata sun ƙayyade cewa ƙarar da ta kai desibel 85 kada a zauna cikinta fiye da awa 8 a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Wanda ba shi da ma'auni yana da hanya mai sauƙi: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kusa da kai ya ji ka, to ƙarar wurin tana ci maka kunne.

Na biyu, ƙwaya mai gashi in ta mutu a kunnen mutum, ta tafi ke nan. Fata in ta yanke takan haɗe, ƙashi in ya karye yakan ɗoru, amma waɗannan ƙwayoyi da aka haife mu da su ba su da magaji. Abin mamaki, a 1988 wasu masana a Amurka suka gano cewa tsuntsaye ba haka suke ba, kaza in ƙara ta kashe mata ƙwayoyin kunne takan tsiro da sababbi cikin 'yan makwanni. Wato kazar da ke kiwo a gindin injin niƙa za ta warke, yaron da ke zuba hatsi a injin kuwa ba zai warke ba. Hudspeth ya ƙarar da shekarunsa na ƙarshe yana neman sirrin da kifi da tsuntsu suke da shi wanda mu muka rasa, kuma har ya bar duniya ba a sami maganin da ke tsirar da ƙwayoyin a kunnen mutum ba.

Na uku, tun da yake lafiyayyen kunne yana motsi da kansa, yakan fitar da wani ɗan sauti wanda ba ma ji. David Kemp ne ya fara kama wannan sauti a Landan a 1978. Daga nan aka ƙera 'yar na'urar da ake saka bakinta a kunnen jariri yana barci, cikin 'yan mintuna ta nuna ko ƙwayoyinsa suna aiki. Ƙa'idar da likitocin yara suke bi a ƙasashe da dama ita ce a gwada jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6. A nan gida Nijeriya, Dakta Bolajoko Olusanya ta nuna a wani bincike da aka buga a 2008 cewa ma'aikatan lafiya na unguwa a Legas za su iya yin wannan gwaji a ranar da iyaye mata suka kawo jarirai allurar rigakafi, ba sai an jira ƙwararren likitan kunne ba.

Me ya haɗa wannan da Kagoma?

Kagoma tana cikin ƙaramar hukumar Jama'a, kusa da Kafanchan. Mutanenta suna kiran kansu Gwong, suna da harshensu na Gyong da sarautarsu a Fadan Kagoma, kuma manoma ne a yankin da ya shahara da noman citta. Maƙwabtansu sun haɗa da Ham da Bajju da Kaninkon da Fantswam, kowa da harshensa, ga Hausawa da Fulani da suka daɗe a Jama'a. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta mai da Kafanchan mahaɗa a shekarun 1920, garin ya zama matattarar ƙabilu, Hausa kuwa ita ce harshen da ke haɗa su a kasuwa da tasha da asibiti da wuraren ibada. Na zaɓi Kagoma ne domin duk abubuwan da ke kashe ƙwayoyin kunne suna kewaye da ita, kamar yadda suke kewaye da dubban garuruwan Arewa, ga shi kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999, tana can cikin garin Kaduna, tafiyar sa'o'i a mota.

Mu ɗauki cututtuka tukuna. Arewacin Nijeriya yana cikin yankin da sanƙarau ke addaba da bazara. Annobar 1996 kaɗai ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 11,000. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 1 cikin 5 da suka tashi daga irin sanƙarau mai tsanani sukan saura da wata naƙasa, kurumta kuwa tana kan gaba a cikin naƙasassun. Sai zazzaɓin Lassa, wanda ɓera ke yaɗawa ta hanyar fitsari da kashi a kan abinci. An fara gano shi a 1969 a garin Lassa na jihar Barno ta yanzu, ya kuma ɓarke a Jos, maƙwabciyar Kafanchan, a 1970. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tashi daga wannan zazzaɓi sukan sami matsalar ji, wasu ya dawo musu kaɗan-kaɗan, wasu har abada. Ga ƙyanda da hangum, ga shawara mai tsanani a makon haihuwa, ga ciwon kunne mai zubar da mugunya da ake bari ya shekara.

Sai magunguna. Allurar jentamaisin da danginta suna ceton rai, kuma in likita ya rubuta su da ma'auni bai kamata a ƙi su ba. Amma bincike ya nuna cewa irin waɗannan magunguna suna kutsawa cikin ƙwaya mai gashi ta ƙofar nan da Hudspeth ya bayyana, in sun yi yawa su kashe ta. Wanda ya je kemis aka tsira masa irin wannan allura saboda ɗan zazzaɓi, ba gwaji ba ma'auni, caca yake yi da kunnensa. Haka nan duk wanda ya taɓa shan kwinin ya san irin kukan da kunne ke yi bayansa.

Sai kuma ƙara. Injin niƙa, da janareta a bakin shago, da injin tsaga katako, da lasifikar biki da ake girke wa yara a gabanta, da ɗan abin sauraron da mu matasa muke toshe kunne da shi dare da rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 a duniya suna cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan sauraro. A rahotonta na 2021 ta ce mutum miliyan 430 ne ke da raunin ji wanda ke buƙatar taimako. Ta kuma ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara daga abubuwan da ake iya karewa take zuwa. Wannan adadi na ƙarshe shi ne ya kamata ya hana mu barci, domin ma'anarsa ita ce, cikin yara kurame 10, kimanin 6 da yanzu suna ji da a ce labari ya isa gidajensu da wuri.

Gaskiya ne an fara samun magani na zamani. A 2024 likitoci a birnin Shanghai na ƙasar Sin suka ba da rahoton yara 6 da aka haifa kurame saboda lahani a wata ƙwayar gado guda, wadda ɗakin binciken Christine Petit ya gano a 1999, aka saka musu lafiyayyar ƙwayar a kunne, 5 daga ciki suka fara ji. Amma wannan nau'in kurumta ba shi da yawa, kuma maganin ya yi aiki ne domin ƙwayoyinsu masu gashi suna nan da rai. Na'urar da ake dasawa cikin katantanwa kuwa kuɗinta miliyoyin naira ne. Manomin citta ba ya da su. Abin da yake iya samu shi ne rigakafi, wanda aka ce ya fi magani.

Inda ɗalibin harshe ya shigo

Wani zai ce wannan ai aikin likitoci ne, ina ruwan mai nazarin Hausa? Amsata ita ce, likita yakan ga yaro ne bayan an yi ɓarna. Kafin nan, abin da ke tsakanin yaro da kurumta shi ne abin da uwarsa ta sani, kuma saninta yana cikin kalmomin da take da su. Mu duba kalmominmu mu gani.

In ƙara ta yi yawa mukan ce za ta fasa mana dodon kunne. A tunanin jama'a, dodon kunne shi ne ji gaba ɗaya. Amma dodon kunne in ya huje sau da yawa yakan haɗe da kansa cikin 'yan makwanni. Ɓarnar da ba ta gyaruwa tana can ciki, a wurin da ba mu da sunan da kowa ya sani, kuma ba ta zuwa da zafi ko jini. Saboda haka mai injin niƙa zai ce ai kunnensa lafiya lau, ya ma saba da ƙarar, alhali sabon nan shi ne alamar ƙwayoyin sun fara mutuwa. In kuma mai fassara ya yi garaje ya ce gashin kunne, sai mai sauraro ya ɗauka gashin da ke fitowa a kunnen dattawa ake nufi. Zaɓen kalmar da za ta kai ma'ana ba tare da ta ɓatar da mutane ba, aikin wanda ya karanci ilimin ma'ana ne da fassara.

Ga kuma kalmar ji ita kanta. Da ita muke jin sauti, da ita muke jin yunwa da ƙanshi da zafi, da ita muke fahimta, da ita kuma muke biyayya. In aka ce yaro ba ya ji, kowa ya san ana nufin gagararre ne. Yaron da jinsa ya ragu, wanda ake kira ba ya waiwayowa, ake aike ya kawo wani abu dabam, da wane suna za a kira shi a gida da makaranta? Mai kunnen ƙashi. Sai a bi shi da bulala, a mai da shi bayan aji inda ba ya jin komai, a ƙarshe a ce ba shi da ƙwaƙwalwa. Kalma guda ta haɗa mai laifi da majinyaci, kuma ba wanda zai raba su sai mai lura da harshe.

Ilimin tsarin sautinmu ma yana da abin cewa. Kowane sashe na katantanwa yana da irin sautin da yake kamawa. Bakinta yana kama sirara, ƙuryarta tana kama masu kauri, abin da Georg von Békésy ya nuna ke nan har ya sami lambar Nobel a 1961. Ƙwayoyin da ke kama siraran sautuka su suka fi saurin mutuwa saboda tsufa da ƙara da magani. Zuzau irin su s da sh da f sirara ne, wasula da karin sauti kuwa suna zaune a ƙasa. Wannan ne ya sa tsoho zai ce maka yana jin muryarka amma ba ya gane abin da kake cewa. Zai iya bambanta kuka na hawaye da kuka ta miya, domin karin sauti ne ya raba su, amma ya kasa raba sara da shara ko fara. Ɗaga masa murya ba ya ƙara komai sai hayaniya, gara ka fuskance shi ka yi magana a natse. Haka kuma likitan da zai auna yadda mutum ke gane magana yana buƙatar jerin kalmomin gwaji na harshen mutumin, waɗanda aka daidaita baƙaƙensu da wasulansu da karinsu. Jerin Ingilishi ba zai auna tsohuwar da ba ta jin Ingilishi ba. Wa zai tsara na Hausa da na Gyong in ba mu ba?

Wani kuma zai ce, mutanen Kagoma suna da harshensu, don me za a kai musu saƙo da Hausa? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba na goyon bayan Hausa ta haɗiye ƙananan harsunan kudancin Kaduna. Amma abin da aka rubuta da Hausa mai kyau ya fi sauƙin juyawa zuwa Gyong ko Jju ko Hyam ko Tyap a kan abin da ke kulle cikin mujallun Turawa, domin masu waɗannan harsuna da yawa suna jin Hausa, wasunsu ma tare muke zama a aji. Ga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ga reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan. Hausa ta kai kayan bakin kasuwa, su kuma su shigar da shi gida da harshen uwa.

Akwai kuma masu cewa, kurma ai ba mara harshe ba ne. Wannan gaskiya ce tsagwaronta, kuma mu ya kamata mu fi kowa faɗin ta. Constanze Schmaling ta zauna da kuramen Kano ta nazarci maganar hannu, ta fitar da littafi a kanta a shekarar 2000, inda ta nuna harshe ne mai tsarinsa. Makarantun kurame na ƙasar nan kuma suna koyar da wata maganar hannun wadda asalinta daga Amurka take, wadda Andrew Foster ya shigo da ita tun 1960. Sai dai wannan hujja ƙara wa ra'ayina ƙarfi take yi. Mafi yawan yara kurame iyayensu masu ji ne, ba su iya maganar hannu ba. Ƙwaƙwalwar yaro kuwa tana ɗaukar harshe ne a shekarun farko, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ba a gane kurma ne ba sai ya shekara 4 ko 5, ya yi waɗannan shekaru ba harshen baki ba na hannu. Gane shi da wuri yana ba shi harshe da wuri, ko ta kunne ko ta ido.

Abin yi

Ba sabon abu nake kira a yi ba. Abubakar Imam da Rupert East sun rubuta kimiyyar halitta da Hausa a littafin Ikon Allah tun wajen 1949. Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi a 1990, wanda da irinsa muke karanta nahawu da adabi da harshenmu a yau. Waɗanda suka samar mana da zuzau da tsayau ba su fi mu kayan aiki ba. Ga shawarwarina.

Da farko, a shigar da darasin kunne cikin kwas ɗin Tsarin Sauti, ko da na mako biyu ne, a zana katantanwa a allo kusa da hanɗa da ganɗa.

Na biyu, ƙungiyar ɗalibai ta zauna da ma'aikatan kunne a fitar da ɗan ƙamus na kalmomin ji da cututtukansa, a gwada kowace kalma a kan iyaye mata a kasuwa kafin a amince da ita.

Na uku, masu neman taken kundin digiri su ɗan huta wa al'adun aure da tarihin kafuwar garinmu. Ga yadda ake kiran kurma da bebe a Hausa da Gyong da abin da sunayen ke ɗauke da shi. Ga maganar hannun kuramen Kafanchan, a kwatanta ta da ta Kano. Ga jerin kalmomin gwajin ji. Kowane ɗaya ya isa kundi, wani ma ya isa aikin rayuwa.

Na huɗu, masu baiwar rubutu a cikinmu su tsara gajerun wasannin rediyo domin ranar 3 ga Maris, wadda ita ce ranar ji ta duniya. Saƙon ba shi da tsawo. Jariri lafiyayye yakan firgita da ƙara tun watannin farko, yakan juya wajen murya a kusan wata 6, yakan fara gwaranci kafin ya shekara. In ba a ga haka ba a kai shi asibiti, kada a ce nauyin baki ne irin na dangi. Duk wanda ya tashi daga sanƙarau ko zazzaɓin Lassa a gwada jinsa. A kammala allurar rigakafi. Jaririn da idonsa ya yi rawaya a garzaya da shi. Kada a karɓi allura sai da takardar likita. A ɗauke goyo daga gindin injin niƙa da gaban lasifika.

Kammalawa

Hudspeth ya shekara hamsin a kan tambaya guda, ya fara da kwaɗo a lokacin da ba wanda zai ce aikin zai amfani kowa. Ya bar mana sanin yadda ƙwayoyin ji suke aiki, da abin da ke kashe su, da cewa ba sa dawowa. Ya yi nasa da Ingilishi, a mujallun da ba a sayar da su a Fadan Kagoma. Tsakanin ɗakin bincikensa da uwar da ke goye da jariri a layin niƙa akwai tazarar harshe, kuma wannan fanni shi muka zo jami'a mu karanta. Magabata sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. 'Yan'uwana ɗalibai, wannan karon kunnen ne ke neman tsira, kuma sai iyaye sun ji labari da harshensu kafin ya same ta. Mu fara da kalma guda: kafin fitowa ta gaba ta wannan mujalla, kowa ya kawo sunan da yake ganin ya fi dacewa da ƙwayar nan mai gashi, mu zauna mu tace.